Na Sata Ba Zai Shiga Gidan Nan Ba

Asabar, da la'asar

Jiya fim ɗin ya fito. Rana Ta Biyu. Na rubuta sunan sau ɗaya, ba zan sake ba.

Da safe na ga fastarsa a jikin katangar tashar bas. Jarumin ne a gaba, riƙe da bindiga mai fitar da shuɗiyar wuta. A bayansa butum-butumin ƙarfen da suke kira Lamba Tara, ya ɗan karkata kafaɗar hagu. Kowa jarumin yake kallo. Ni kafaɗar na tsaya kallo, har bas ta tafi ta bar ni.

Ba wanda ya san akwai mutum a cikin ƙarfen nan. Mijina ne. Aikinsa ke nan tun kafin mu yi aure, tsalle da faɗuwa da shan duka a madadin masu kyawun fuska. Abokan aikinsa Mage suke ce masa, wai ko daga ina aka jefo shi a tsaye yake dira.

Yana kwance tun ranar da suka ɗauki fitowar ƙarshe, da fari a asibiti, yanzu a ɗakin baya. Na juya shi da safe, na juya shi da rana. Ya sha rabin kofin shayi.

Na ce masa an liƙa fasta. Ya ce, "Kafaɗar ta fito?" Na ce ta fito. Ya ce, "Wannan karkatar ni na ƙirƙira. Darakta cewa ya yi in tsaya cak kamar turke."

Lahadi, bayan azahar

Yayansa ya zo. Tun daga bakin ƙofa yake ɗaga waya sama. "Amarya, ina mutumin? Ga shi an turo min. Wani ya shiga sinima ya ɗauko da waya, har tarin mutane ana ji, amma ana gani."

'Yan biyunmu sun kusa gama firamare, har yanzu Amarya yake ce min.

Na bi shi ɗakin. Maigidan bai ko kalli wayar ba. Ya ce, "Yaya, kashe."

"Kai da aikinka?"

"Na sata ba zai shiga gidan nan ba. Mai haske yana da iyali, mai ɗinkin kaya tana da marayu. In fim ya faɗi ba wanda zai sake kiransu. Wanda ya kalli na sata ya sa hannu a tukunyar mutum ɗari."

Yaya ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Sun mayar da kai haka, kuma kai ne mai gadin ƙofarsu? Wannan ai kura ta ci ka kana mata fifita."

"Ka kashe, ko ka fita da ita."

Ya fita da ita. Na raka shi da ruwan da bai sha ba.

Darakta ya roƙe mu tun a asibiti mu yi shiru har fim ɗin ya gama zagayensa. Ya kuma dafa ƙirji a gabana ya ce ɗaukar ranar nan ba za ta shiga fim ba, za su haɗa wata da kwamfuta. Inna, mahaifiyarsu, an gaya mata haɗarin mota ne a hanyar dawowa. Dama can ba ta taɓa son aikin ba.

Litinin, lokacin hutun rana

Kantin maganinmu ya koma majalisa. Mai karɓar kuɗinmu, wadda muke kira Rediyo don ba a kashe ta, ta kalla a waya jiya. Ta ce ɓata lokaci ne. "Mu da fanka ke tsayawa sau biyar a yini za mu yi fim ɗin butum-butumi? Rana biyu a sama, ruwa ya ƙafe, ƙarafa suna gadin madatsa. Wannan mafarkin mai zazzaɓi ne."

Malam Famasi, mai ba da magani, wanda ban taɓa jin ya yabi ko shayi ba, ya cire tabarau ya ce shi sinima ya je da ƙafarsa, ya sayi tikiti, kuma zai koma. Ya ce, "Ke a cikin tafin hannu kika kalla, da kan wani ƙato ya tare rabin hoton. Ba ki ga fim ba, ƙanwarsa kika gani."

Wani da ya zo sayen maganin tari ya shigar wa Rediyo. Wata mai goyo ta shigar wa Malam. Har layi ya tsaya.

Suka ce, "Maman Biyu, ke fa?"

Na ce ni ban cika kallo ba. Na ci gaba da jera kwalabe. Sun san mijina yana kwance. Haɗarin mota su ma.

Talata, da safe

Na juya shi. Na canza abin da ake canzawa. Bai tambayi komai ba.

Laraba, bayan magariba

Ban san yadda zan rubuta yau ba.

Babu ciniki da rana, sai Rediyo ta jingina wayarta da kwalin auduga tana neman wurin da za ta kayar da Malam a musu. Ina bayan kanta ina duba ranakun lalacewar magani. Ban kalla ba. Wallahi ban kalla ba. Amma kunne ba shi da murfi.

Kiɗa, harbi, iska. Sai ƙara ɗaya, kamar an jefo buhun ƙarafa daga saman bene. Bayanta wani ɗan sauti ƙasa ƙasa, gajere, wanda ba na ƙarfe ba ne.

Rediyo ta ƙyalƙyale. "Ka gani? Faɗuwar ƙarya! Kwamfuta ce ƙiri ƙiri, mutum ba ya lanƙwashewa haka. Kuma sai su tsaya suna nuna mana shi a kwance yana motsa yatsu, har na je na sha ruwa na dawo yana nan."

Malam ya ce, "Wurin nan ne fim ɗin gaba ɗaya. A sinima ba wanda ya yi tari. Ni dai na share ido, ba na jin kunyar faɗa."

Na shige sito na rufo ƙofa. Na zauna a kan kwalin maganin ƙarin jini. Na san sautin nan. Shi yake yi idan na juya shi ta gefen dama ban sa matashi ba.

Na kira Darakta daga sito. Ta yi ta ringi.

Da na dawo gida maigidan ya ce idona ya yi ja. Na ce hayaƙin bas ne.

Alhamis, da hantsi

Darakta ya kira ni ina bakin titi. "Madam, ya mai jiki? Kullum yana raina." Na ce ba wannan na tambaya ba, ɗaukar ranar nan tana ciki ko ba ta ciki? Ya ce harkar tace hoto tana da wuyar bayani a waya, hannu da yawa ne, akwai masu kuɗin fim, akwai waɗanda ke sama da shi. Na ce ii ko a'a. Ya ce yana shiga taro.

Ban gaya wa maigidan ba.

Juma'a, da yamma

A rediyon bas masu kira suna ta yi. Wani ya ce karon farko ke nan namu suka yi abin da za a nuna wa duniya ba a sunkuyar da kai ba. Wani ya ce kwaikwayo ne, kuma kwaikwayon ma gurgu. Direba ya ƙara murya. Na sauka tasha ɗaya kafin tawa, na taka.

Maigidan ya ci cokali kaɗan.

Lahadi, bayan la'asar

Yaya ya tare ni a baranda, ya rage murya don tagar ɗakin baya a buɗe take.

"Amarya, na kalla."

Na ce kada ya gaya min.

"Ba sai na gaya miki ba, fuskarki ta nuna kin sani. Ga abin da za mu yi. In yanko wurin, ke kuma ki ɗaukar min hotonsa yana barci, in haɗa su gefe da gefe in sake a intanet. Kafin gari ya waye duniya ta san abin da suka yi."

"Yana barci, Yaya?"

"To a farke zai yarda ne? Kin san taurin kansa. Tun yana yaro in ya faɗo daga bishiya sai ya ce da gangan ya sauko."

Na ce ba zan ɗauki hoton mijina a ɓoye ba. Ya ce to in ci gaba da wanke zanen gado ina rufa wa waɗanda suka kwantar da shi asiri. Ya ce yau fim ɗin ake magana, gobe wani ne, in ƙura ta lafa ko kare ba zai waiwaye mu ba. Ya ce a bugi ƙarfe da zafinsa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ban ga ƙaryarsa ba.

Da na shiga ɗakin, maigidan ya ce, "Me kuke ƙus ƙus?" Na ce zancen makarantar yara. Ya kalle ni ya daɗe. Ya ce, "Ki gaishe da makarantar."

Litinin, da rana

Rediyo ta turo min fim ɗin ba tare da na roƙa ba. "Ki kalla ki raba mu gardama, kada Malam ya kashe ni da wa'azi." Yana cikin wayata yanzu. Wayar tana cikin jaka. Jakar tana rataye a ƙofar ɗakinsa.

Litinin, bayan magariba

Na shiga banɗaki da ita, na kunna famfo. Na sa yatsa a kai. Na fito.

Talata, da yamma

'Yan biyu sun kira daga gidan ƙanwata. Wai duk ajinsu wasan Lamba Tara ake yi, ana hawa benci ana faɗowa ana motsa yatsu. Suka ce yaushe za su dawo gida. Na ce in Baba ya ƙara samun sauƙi. Suka ce a ba shi wayar. Ya yi musu muryar dodo, suka yi ta dariya. Da aka kashe ya juya fuska bango. Fuskar kaɗai, sauran ni ce.

Na juya shi.

Laraba, bayan la'asar

Inna ta zo ita kaɗai. Ba ta taɓa zuwa ba tare da Yaya ya kawo ta ba. Ta hau bas biyu da ciwon gwiwarta. Ko gaisuwata ba ta amsa ba, ta wuce ɗakin baya da takalmi a ƙafa.

Ta tsaya a kansa. "Auta, wace irin mota ce?"

Ya ce, "Inna, sannu da hanya. A ba ki ruwa."

"Na ce wace irin mota ce ta buge ka? Fara ce ko baƙa?"

Ya kalle ni. Na kalli ƙasa.

Ta ce jikar maƙwabciyarsu ce ta zauna kusa da ita da waya, tana nuna mata abin mamaki, wai ƙarfe yana gudu. Ta ce, "Na ga ƙarfe yana gudu da kafaɗa ɗaya a sama. Ni za a gaya wa gudun nan? Ni na bi shi da bulala a tsakar gida. Ko a cikin tukunya aka rufe ka na san gudunka. Na ce wa yarinyar ta tsayar, ba ta ji ba, har ka hau wannan dogon abu."

Ta dafa ƙarfen gado.

Ya ce a hankali, "Sai me ya faru, Inna?"

Ta zuba masa ido. Sai a lokacin ta gane bai sani ba. Abin da ya tuna na ƙarshe shi ne an ɗaura masa igiya a ƙugu an ce a shirya. Daga nan sai silin ɗin asibiti. Bai taɓa tambayar kowa abin da ke tsakani ba, ni ma ban taɓa tambayarsa dalili ba.

Inna ta juyo kaina. "Ke kuma 'yar nan, da na ɗauke ki ɗiya. Kika kalli idona kika ce mota."

Na durƙusa. Ta cire takalmin, ta zauna a bakin gadon, ta ɗora tafinta a goshinsa kamar mai duba zazzaɓi. Ta ce yau a nan za ta kwana, gobe ma.

Alhamis, da safe

Ina goge masa baya ya ce, "Ke ma kin sani."

Na ce ban gani ba. Ji na yi.

"Suna cewa ya yi kyau?"

Na ce wasu sun ce kwamfuta ce, wasu sun yi kuka.

Ya yi wani abu kamar dariya. Sannan ya ce, "Ki kai ni sinima."

Na tuna masa abin da likita ya ce game da zama mai tsawo. Ya ce likita ya faɗi abubuwa da yawa. Na ce yana cikin wayata, in dai gani yake so, ga shi nan a jaka, ba wanda zai sani. Wallahi ban san lokacin da ya fito daga bakina ba.

Ya ce, "A gidan nan?"

Ban taɓa jin muryarsa haka a kaina ba. Ko ranar asibiti.

Ya ce, "Ba zan ga ranar nan ta bayan ƙeyar wani ba. Zan biya kamar kowa, in zauna, in ga abin da na yi da girmansa."

Abin da na yi, ya ce. Ashe duk watannin nan abin da yake taunawa ke nan.

Asabar, da la'asar

Na tashi aiki da wuri na je na duba. Sinimar tana hawa na uku a babban ginin kantuna. Lif ya lalace, an jingina masa bokitin mai shara. Matakala ce mai lanƙwasa, kekensa na marasa lafiya ba zai juya ba.

Mai sayar da tikiti ta ce Alhamis za a sauke shi. "Mutane sun riga sun gani a waya, Anti. Makon farko har a ƙasa aka zauna, yanzu kujeru muke nuna wa. Sau ɗaya ya rage a yini, bayan azahar." Na ce a manhajar da ake biya fa? Ta ce sai bayan watanni, in ma an saya.

Na sayi huɗu na Alhamis. Ban san wa zai hau da shi ba.

Lahadi, da yamma

Yaya ya ce a'a. A gaban Inna ya faɗa. "Ba zan goya ƙanena in kai wa mutanen da suka karya shi kuɗin tikiti ba. A nemi wani jakin."

Inna ta ce, "Da bakinka kake cewa ƙanenka?"

Ya ce ita ma da za ta bi tasa da tuni an gama. Suka yi ta yi. Maigidan yana ji daga ɗaki. Da Yaya zai fita, maigidan ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, ba komai. Ka gaida gida." Wannan ya fi zagi.

Litinin, lokacin hutun rana

An daina musun a kanti. Yanzu zancen wata mawaƙiya ake yi da rabuwar aurenta. Rediyo ta ce, "Kin kalla kuwa?" Na ce na goge. Ta ce ban yi asarar komai ba.

Na goge ɗin da gaske. A bas, da safe.

Talata, da safe

Na tambayi mai gadin gidanmu. Ya ce bayansa ba ya ɗaukar nauyi. Na tambayi maƙwabcinmu mai gyaran firji, ya ce Alhamis yana da aiki a wajen gari, amma me za a kai mara lafiya yi a sinima?

Laraba, bayan magariba

Maigidan ya sa na aske masa gemu. Ya zaɓi riga. Bai tambayi wa zai ɗauke shi ba, ni ma ban ce babu ba.

Alhamis, da hantsi

Hon a ƙofa. Yaya ne da motar wurin aikinsu, ya cire kujerar baya. Bai gaishe ni ba. Ya ce, "Ina majanyin da Inna ta ce a kawo?"

Alhamis, bayan magariba

Mun dawo. Zan rubuta yadda ya faru, da tsari.

Yaya ya goya shi, Inna ta ɗaure su da majanyi kamar jariri, ta ƙulle a ƙirjin Yaya. Ni na bi su da keken a naɗe. A hawa na biyu Yaya ya tsaya ya dafa bango yana haki. Ya ce, "Ana cewa ba ka cin abinci, wannan nauyin na mene ne?" Shi kuma ya ce, "Alhakinka ne." Suka yi dariya su biyu, a nan kan matakala, mutane suna raɓawa suna kallonmu.

Zauren kusan wayam. Wasu samari uku a baya, mata da miji a tsakiya, sai wani dattijo a gefe. Da ya juyo na ga Malam Famasi ne. Ya kalle ni, ya kalli keken, ya kalli kafaɗar mai keken. Ya ɗaga hula kaɗan ya mayar da kansa gaba.

Ban iya cewa fim ɗin ya yi kyau ko bai yi ba. Akwai surutu da yawa a farko. Inna ta yi ta tambaya da ƙarfi me ya sa ba sa haƙa rijiya. Amma da Lamba Tara ya fito, maigidan ya matso gaba iya yadda zai iya. Yana raɗa min, nan ranar ruwan sama ce, nan rigar ta yanke ni a wuya, nan sau tara muka maimaita. Da ya tsallake motoci biyu a guje samarin baya suka yi ihu. Na ga haƙoransa a cikin duhu. Rabon da in gansu na manta.

Sai hasumiya, dogon abun nan da Inna ta faɗa.

Ya daina magana. Ya kama hannuna. Na yi niyyar rufe ido, amma na ga shi bai rufe ba.

Lamba Tara ya hau. Ya tsaya a baki. Ya waiga sau ɗaya. Ya yi tsalle, kuma ko ni da ban san aikin ba na ga tsallen ya fita tsaf, hannu a buɗe, jiki a miƙe. Abin da ya biyo baya ba daga gare shi ba ne.

Ƙarar ta cika zauren. Inna ta yi salati.

Daga nan hoton bai yanke ba. Yana kwance, kyamara tana matsowa a hankali, ba ta ko girgiza. Ta zo kan hannun. Yatsun suna buɗewa suna rufewa, suna kankarar ƙasa. Kiɗa mai taushi. Ba wanda ya shigo hoton. Ba ƙafar mutum ko ɗaya. Na yi ta jira wani ya rugo. Na san watanni sun wuce, na san yana gefena, amma na yi ta jira.

Wani daga samarin ya ce, "Kai, wurin nan ya yi tsawo." Ɗayan ya ce, "Yi mana shiru, nan ne daɗin."

Farcensa ya shiga tafin hannuna. Har yanzu shaidar tana nan.

Mun zauna har sunaye suka gama hawa, har aka kunna fitila. Yaya yana kuka a fili kamar yaro. Shi kuwa idonsa a bushe. Mai shara ta shigo ta tsaya tana jiranmu.

Muna mota, mun kusa gida. Maigidan ya ce, "Tsallen daidai ne."

Yaya ya ce, "Daidai ne."

"Yatsun nan, Yaya. Alama ce. Haka muke yi in an ji ciwo, a tsayar. Kowa a wurin ya san ta."

Yaya ya gangara gefen titi ya kashe mota. Mun daɗe a nan.

Juma'a, da hantsi

Maigidan ya karɓi wayata ya kira Darakta da kansa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na je na gani. Ka zo gobe, ko in sa a goyo ni zuwa ofishinku, an saba yanzu."

Ya ci abincinsa duka. Ban san ko in ji daɗi ko in ji tsoro ba.

Asabar, bayan la'asar

Darakta ya zo, da kwandon 'ya'yan itace. Ya rame shi ma, ko kuwa idona ne. Maigidan ya sa aka fito da shi falo, a keken, da bargo a cinya. Inna tana kan tabarma, Yaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu.

Darakta ya fara dogon bayani. Cewa ya yi kowa ya ruɗe a ranar, shi yana kallon ƙaramin allo ne daga nesa, ya zaci wasa ne, don Mage ya saba ƙara abin da ba a rubuta ba. Daga baya kuma masu kuɗin suka gani suka ce wannan ba za a taɓa shi ba. Wataƙila gaskiya ne. Wataƙila rabi. Ban sani ba, kuma ba na jin zan taɓa sani.

Maigidan ya bar shi ya gama. Sannan ya ce, "Fim ɗin ya yi kyau. Farkon ya yi surutu, amma ya yi kyau. Masu zaginsa ba su san wahalarsa ba. Na hana a kalli na sata a gidana, ka tambaye su. Tikiti na saya na kalli aikinka."

Darakta ya ce, "Na gode, Mage. Wallahi na gode."

"To kai ma ga naka. Kyauta ne."

Ya yaye bargon.

Ƙafafunsa. Ban taɓa rubuta su a nan ba. Sun koma kamar na yaro, sirara, sun juya ciki, fatar ta yi fari a gwiwa. Ni kaɗai da likita muke ganinsu. Ko Inna sai yau.

Darakta ya kawar da kai wajen taga.

Inna ta ce, "A'a, ɗan nan. Ka kalla. Ai an ce kai ba ka iya ɗauke ido da wuri ba."

Ya kalla. Ba wanda ya ce ya isa. Ni ce daga ƙarshe na tashi na mayar da bargon, don na ga sanyi ya fara kama shi.

Bayan ya tafi Yaya ya ce Litinin zai zo da lauya. Ya faɗa yana kallon ƙanensa, yana jiran musu.

Maigidan ya ce, "Ka zo da shi da safe. Kuma ka biya ka ɗauko min yarana."